Me Ya Sa Yesu Ya Yi Ta Hana A Yi Shelarsa?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya gabatar a taron bayan kaka na kwamitocin taimako na ikilisiyoyin ƙauye da ke yankin Funtua da Malumfashi. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta a majami'unsu.

Mun san wasu sun baro masara ba a gama kai ta rumbu ba, wasu kuma waken suya na nan yana jiransu a gona. Allah ya saka muku da alheri.

Mu ba fastoci ba ne. Abin da muka karanta a makaranta aikin raya karkara ne: rijiya, iri, taki, adashi da lissafin kwamiti. Saboda haka in mun yi kuskure a cikin Maganar Allah, ga iyayenmu nan zaune, sai su gyara mana. Amma aikin namu ne da kansa ya tura mu cikin Bisharar Markus, shi ya sa muka roƙi a ba mu wannan lokaci.

Abin da ya faru da mu

A wata damina da ta wuce mun kai taki da iri wani ƙauye, ba za mu faɗi sunansa ba. Muka kafa rumfa a gaban majami'a, muka ɗaura lasifika, muka riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fito sai ya rungumi buhunsa mu ɗauke shi hoto. Muka kira sunan wata gwauruwa har sau uku, shiru. Da yamma muka bi ta gida, muna tsammani ba ta da lafiya. Muka tarar da ita tana tsintar ganyen miya. Ta ce mana, "'Ya'yana, yunwa ta daɗe tana kwana a ɗakina, ba wanda ya sani sai Allah. Yanzu so kuke ta fito ta tsaya a gaban surukaina?"

Ba mu da amsa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Lahadin da ta biyo majami'a ta cika maƙil da sababbin fuskoki, har muka rubuta a rahoto cewa ikilisiya ta ƙaru. Kafin a yi noma na biyu kujerun nan sun koma wayam. Akwai kuma wani magidanci da aka taimaka masa da san noma, muka ambaci sunansa a lasifika. Cikin dare ya kora san zuwa gidan ɗan'uwansa a wani gari, domin ya ce yanzu kowa ya san abin da ke garkensa, shi kuwa yana so ya kwana da iyalinsa lafiya.

Da niyya mai kyau muka je, amma shelar da muka yi ta kunyata wata, ta ruɗi wasu, ta jefa wani cikin tsoro. Sai wani dattijo ya tambaye mu ko mun taɓa lura da yadda Yesu yake yi bayan ya warkar da mutum. Muka koma muka karanta Markus daga farko har ƙarshe. Sura 16 ce kawai, mutum yana iya gama ta a yini guda.

Wuraren da aka ce a yi shiru

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 muke karanta waɗannan ayoyi, amma sau da yawa mukan tsaya a kan al'ajabin, mu tsallake abin da ya biyo baya. In an tattara su, sun kasu kashi uku.

Kashi na farko, aljannu. A majami'ar Kafarnahum wani baƙin aljani ya ambaci ko wane ne Yesu, Yesu ya tsawata masa ya rufe masa baki (Markus 1:23-25). Haka aka sake yi a 1:34 da 3:11-12. Abin da suka faɗa gaskiya ne, duk da haka bai yarda ya fito daga bakinsu ba.

Kashi na biyu, waɗanda aka warkar. Kuturun nan na 1:40-45 an gargaɗe shi ƙwarai ya kama bakinsa. 'Yar Yayirus mai shekara 12 da aka tashe ta daga mutuwa, an umarci iyayenta kada labarin ya fita (5:43). Kurman nan mai i'ina na 7:31-37, da makahon Betsaida na 8:22-26 wanda aka sallame shi gida aka hana shi bi ta cikin ƙauye, duk haka ne.

Kashi na uku, almajirai. A yankin Kaisariya Filibi Bitrus ya shaida cewa Yesu shi ne Almasihu, nan take aka kwaɓe su kada su faɗa (8:27-30). Da Bitrus da Yakubu da Yahaya suka ga ɗaukakarsa a kan dutse, aka ce su riƙe abin a cikinsu har sai ya tashi daga matattu (9:9).

Kafin mu ci gaba, mu gyara wata kalma. A Hausa in an ce asiri, wani zai tuna da boka, da abin da ake binnewa a ƙofar gida cikin dare. Ba wannan muke nufi ba. Boka yana ɓoye aikinsa domin ya riƙe mutane a hannunsa. Yesu kuwa a fili ya yi koyarwa, a majami'u da bakin teku da cikin Haikali. Abin da ya jinkirta shi ne shelar sarautarsa. Wannan ya fi kusa da abin da muke kira rufin asiri, da kuma sanin lokacin magana.

Abin da masana suka ce

Ba mu ne muka fara yin wannan tambaya ba. A 1901 wani malamin Jamus mai suna William Wrede, wanda yake koyarwa a jami'ar Breslau, ya rubuta littafi a kan sirrin Almasihu a cikin Bisharu. A ganinsa, umarnin yin shirun nan bai fito daga bakin Yesu ba. Ya ce masu bi na farko sun gaskata Yesu Almasihu ne bayan tashinsa, sai suka bukaci bayanin dalilin da ya sa ba a san shi haka ba tun yana raye, Markus kuwa ya ɗauki wannan bayani ya saƙa shi cikin labarinsa. A 1906 Albert Schweitzer, wanda daga baya ya yi aikin likita a Gabon, ya ƙi yarda da haka. Shi ya ce Yesu ya san kansa, kuma da gangan ya riƙe sirrin.

Ba mu bi Wrede ba, kuma ga dalilanmu. Na ɗaya, shirun ba iri guda ba ne. Rufe bakin aljani daban, hana kuturu yawo da labari daban, jinkirta shaidar almajirai daban, bai kamata a zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Na biyu, Markus da kansa ya nuna umarnin bai yi aiki ba sau da yawa: kuturun ya fita ya baza labari, mutanen da suka kawo kurman kuma ana hana su suna ƙara faɗa. Wanda yake ƙirƙiro sirri domin ya bayyana dalilin rashin sani, me zai sa ya riƙa nuna sirrin yana fashewa? Na uku, akwai wuraren da ba a hana kowa ba. Mutumin ƙasar Garasinawa an aike shi gida ne musamman ya ba da labari (5:19-20). Bartimawas makaho ya yi ta kiran Yesu Ɗan Dawuda a bakin hanyar Yariko, jama'a ne suka so rufe masa baki, Yesu kuwa ya tsaya ya kira shi (10:46-52).

Duk da haka Wrede ya yi mana amfani. Ya sa ikilisiya ta lura cewa Markus bai jera labarai kara zube ba, yana da inda yake kai mai karatu. To, ina ne?

Dalili na ɗaya: sunan yana da haɗari

Almasihu ma'anarsa shafaffe, wanda aka shafa wa mai a ka domin sarauta. A wurinmu sai mu ce wanda aka yi wa naɗi. Tun shekara ta 63 kafin haihuwar Yesu ƙasar Yahudiya take ƙarƙashin ikon Roma, mutane na biyan haraji ga baƙi, da yawa kuwa suna jiran ɗan Dawuda da zai kori sojan Roma. A shekara ta 6 bayan haihuwar Yesu, Yahuza Bagalile ya ta da tawaye a kan ƙidayar haraji. Gamaliyel ya ambace shi tare da Tudas a Ayyukan Manzanni 5:36-37, ya tuna wa majalisa yadda suka hallaka mabiyansu suka watse. Hirudus mai mulkin Galili kuma ya riga ya sare kan Yahaya Maibaftisma.

Mu a ƙasar Hausa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, suka tashi da begen Mahadi, suka fatattaki wata rundunar Turawa. A watan Maris aka dawo musu da ƙarfi, aka rushe garin, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa, Satiru ta zama kufai. Ba muna kwatanta bangaskiyar kowa da ta kowa ba ne. Muna nuna abin da mai mulkin mallaka yake yi in ya ji an ce mai ceto ya bayyana a ƙauye. Da an yi shelar Almasihu a Galili tun ran farko, da talakawan Kafarnahum ne za su fara shan takobi, aikin kuma ya tsaya tun bai yi nisa ba. Ku tuna, laifin da aka rubuta a kan gicciye na sarauta ne (15:26).

Wannan ya taimaka mana mu fahimci mutumin Garasinawa. Shi a Dikafolis yake, ƙasar al'ummai, inda ake kiwon aladu, inda ba a zaune ana jiran ɗan Dawuda. A can labarin ba zai zama gangamin yaƙi ba, saboda haka aka ce ya faɗa.

Dalili na biyu: rabin gani

Wannan ne muke ganin zuciyar maganar. Ku dubi makahon Betsaida. Shi kaɗai ne a cikin Bisharu aka warkar a mataki biyu. Da farko ya ga mutane dishi-dishi kamar itatuwa masu tafiya, sai da aka sake taɓa shi ya gani sarai. Nan da nan bayan wannan labari Markus ya kawo shaidar Bitrus. Bitrus ya faɗi sunan daidai. Amma da Yesu ya fara bayyana cewa zai sha wuya, a ƙi shi, a kashe shi, ya tashi, sai Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa. Ashe ganin Bitrus irin na makahon ne a taɓawar farko.

Sau uku Yesu ya yi maganar mutuwarsa, a 8:31 da 9:31 da 10:33-34. Ku duba abin da ya biyo bayan kowanne. Bayan na farko, Bitrus ya ƙi. Bayan na biyu, almajirai suka yi gardama a hanya a kan wane ne babba. Bayan na uku, Yakubu da Yahaya suka nemi kujerun dama da hagu, kamar masu kamun ƙafa a wurin ɗan takara. In da an sake su a lokacin su tafi wa'azi, wane irin Almasihu za su kai wa mutane? Mai raba muƙami.

Tun aya ta farko Markus ya gaya wa mai karatu ko wane ne Yesu. Amma a cikin labarin, ba ɗan adam ko ɗaya da ya shaida shi Ɗan Allah sai a 15:39, kuma wanda ya faɗa jarumin sojan Roma ne, yana tsaye a gindin gicciye, bayan Yesu ya ja numfashin ƙarshe. A nan ba gurasa, ba warkarwa, ba taro mai tafi. A nan ne kawai za a iya faɗin sunan ba tare da an karkatar da ma'anarsa ba.

Mu manoma ne. Wanda ya yi binne ya san iri yana cikin ƙasa, amma ba ya zuwa kullum yana tonawa domin ya nuna wa maƙwabta. Ba a kuma ɗibar auduga tun ba ta buɗe ba. Yesu da kansa ya kwatanta Mulkin Allah da irin da ke tsirowa manomi yana barci, bai san yadda aka yi ba (4:26-29). Kuma a 4:21-22 ya nuna cewa abin da aka rufe, domin a buɗe shi ne wata rana. Shirun yana da wa'adi, wa'adin kuwa shi ne tashin matattu.

Har yau kalma kaɗai ba ta isa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna kiran Annabi Isa da Almasihu, suna girmama shi, amma abin da suke nufi da abin da muke nufi ba ɗaya ba ne. A cikinmu ma, wani in ya ce Yesu Almasihu, abin da ke ransa shi ne mai ba da mota da biza. Sai mu tambayi kanmu wane Almasihu bakinmu yake shela.

Dalili na uku: taron gurasa

Bayan ciyar da mutum 5,000, Markus ya ce Yesu ya hanzarta sa almajiransa cikin jirgi, ya sallami taron, ya hau dutse domin addu'a (6:45-46). Bisharar Yahaya ta faɗi dalilin: mutanen sun yi shirin naɗa shi sarki ƙarfi da yaji (6:15). Da suka bi shi kashegari, ya gaya musu a fili cewa ƙoshin jiya ne ya kawo su. Da koyarwar ta yi nauyi, da yawa suka juya (6:66).

'Yan'uwa, wannan shi ne labarin kujerun majami'ar nan da suka cika suka koma wayam. Ba laifin waɗanda suka zo ba ne. Mai yunwa yana da gaskiya in ya bi inda abinci yake. Laifinmu ne da muka ɗaura buhun taki a ƙofar majami'a, har mutane suka ɗauka sai an shiga ta nan ake samu. Yesu ya ciyar da taron duka bai tambayi kowa ko zai bi shi ba, bayan haka kuma bai yarda a mai da abincin ƙugiya ba.

Ku lura kuma da abin da shelar kuturun ta jawo. Markus ya ce daga nan Yesu bai ƙara iya shiga gari a fili ba, sai ya zauna a bayan gari (1:45). Mutumin da murna ya yi, amma murnarsa ta rufe wa wasu garuruwa ƙofa. Magana zarar bunu ce.

Dalili na huɗu: mutuncin wanda aka taimaka

Wannan ne ya fi taɓa mu a matsayin ma'aikatan taimako. Kurman nan, Yesu ya janye shi daga taro ya kai shi waje ɗaya. Makahon Betsaida, ya kama hannunsa ya fitar da shi bayan ƙauye. A gidan Yayirus ya fitar da masu kuka, ya bar uwa da uba da almajirai uku. Da yarinyar ta tashi, bai ce a fito da ita jama'a su gani ba. Ya ce a ba ta abinci. Yarinya 'yar shekara 12 ba abin kallo ba ce.

Matiyu ya ba da nasa bayanin. A 12:15-21, bayan ya ambaci irin wannan hani, ya kai mu ga Ishaya 42, inda aka siffanta Bawan Ubangiji da wanda ba ya ɗaga murya a titi, ba ya kuma ƙarasa abin da ya riga ya raunana. A Matiyu 6:1-4 kuma an gargaɗe mu kada mu yi sadaka da busa ƙaho. Mu ba ƙaho muka busa ba, lasifika muka ɗaura.

Iyayenmu sun san Babbar Ruga kusa da Katsina, inda 'yan mishan na SIM suka kula da kutare tun shekarun 1930. Yau kuturta tana warkewa da magani, kuma kyauta ake ba da shi. Amma har yanzu wasu na ɓoye tabon da ke jikinsu har cutar ta ci yatsu, domin tsoron bakin mutane ya fi musu tsoron ciwon. Haka masu ƙanjamau da masu tarin fuka. Mai ciwo zai zo wurinmu ne kawai in ya tabbata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shirun da ba na Yesu ba

Yanzu sai mu yi hankali, domin akwai masu jin wannan jawabi su ce to, shi ke nan, a rufe komai. A'a.

Na farko, akwai shirun tsoro. Mun san halin da muke ciki. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, saboda matsalar 'yan bindiga da masu kai musu labari. A Mayu 2022 aka shiga gidan limaman Katolika a Gidan Mai Kambu cikin ƙaramar hukumar Kafur, aka tafi da limamai biyu, sai bayan kusan wata guda aka sako su. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu, duk sun sayar da gona da dabba domin fansa. A irin wannan zamani, ƙin faɗin wanda ya sayar da masara buhu nawa a kasuwar Dandume hikima ce. Ba rashin bangaskiya ba ne a sauya lokacin sujada ko a ƙi sanar da tafiyar fasto.

Amma ku dubi Markus 14. A dare guda, a gida guda, an yi wa mutum biyu tambaya. A ciki babban firist ya tambayi Yesu ko shi ne Almasihu. Wanda ya yi ta hana a faɗa lokacin da faɗar za ta kawo masa sarauta, yanzu da faɗar za ta kawo masa mutuwa, ya amsa a fili (14:61-62). A tsakar gida kuwa wata baranya ta tambayi Bitrus, ya yi musu har sau uku. Ga ma'aunin nan: shirun Yesu ya hana shi riba, shirun Bitrus ya tsirar da fatarsa. In muna so mu gane irin shirun da muke yi, mu tambaya wa yake karewa. Mu kuma tuna an yafe wa Bitrus, aka sake ba shi aiki. Ba mu zo mu ɗora wa wanda ya taɓa jin tsoro kaya ba.

Akwai abin mamaki a 16:8, inda tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4 suka ƙare Bisharar. Duk tsawon littafin ana cewa a yi shiru mutane na faɗa. Da aka zo kabari aka ce wa matan su je su faɗa, sai tsoro ya kama su suka yi shiru. Wa'adin 9:9 ya cika tun ran nan. Ba mu da izinin ɓoye ko wane ne Ubangijinmu. Abin da ya rage mana daga sirrin shi ne halinsa: tawali'u, sanin lokaci da kiyaye mutuncin mutane.

Na biyu, akwai shirun rufe ɓarna. Ku lura, kuturun da aka hana yawo da labari, an aike shi wurin firist a duba shi bisa ga ka'idar Littafin Firistoci sura 14. Wato akwai wanda ya kamata ya gani ya tabbatar. Saboda haka kada wani ma'aji ko ɗan kwamiti ya ce Yesu ya ce a yi shiru, don haka ba zai nuna littafin kuɗi ba. Sunan gwauruwa ne ake rufewa, ba lissafin buhuna ba. Haka nan in an ci zarafin yarinya, ko an cinye gonar marayu, yin shiru a nan haɗa baki ne da azzalumi.

Abin da muke roƙon kwamitoci

1. A daina kiran sunayen masu karɓar taimako a lasifika ko a lokacin sanarwa a majami'a. Mutum biyu na kwamiti, mace da namiji, su kai wa gwauraye da marasa lafiya nasu har gida.

2. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi, an gaya masa inda hoton zai je. In ya ce a'a, rabonsa na nan. Masu ba mu gudummawa suna da hakkin ganin inda kuɗinsu ya shiga, za mu nuna musu rijiya da gona da rasit.

3. Kada a faɗi adadin kuɗi ko dabbar da wani ya samu, ko a taro ko a WhatsApp.

4. Littafin kwamiti ya kasance a buɗe ga dattawan da ikilisiya ta zaɓa. Jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita kuma a karanta wa jama'a duka.

5. Bukata ce ma'auni. Maƙwabci Musulmi ko mai bin al'adar gargajiya, in yana cikin rashi, a ba shi ba tare da sharaɗi ba. Inda zai yiwu, a yi rabon a wani wuri da ba ƙofar majami'a ba.

6. Shaida a gaban ikilisiya ta zama daga zuciyar mai ita. Kada a tilasta wa wanda ya warke ko wanda aka sako daga daji ya tsaya ya ba da labari tun bai shirya ba.

Mun koma wurin mamar nan da buhunta bayan magariba, mu biyu, a kan babur. Ta karɓa, ta sa mana albarka. Da kaka ta yi, ita da kanta ta tashi a taron zumuntar mata ta yi godiya ga Allah, ta kuma kawo kwanon masara a ba wata da ta fi ta rashi. Ba ta faɗi sunan matar ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

Ku karanta Markus 7:31-37 da 8:22-33 tare. Me ya sa Yesu ya janye waɗannan mutane daga taro? A ikilisiyarku, akwai wanda ya ƙi karɓar taimako saboda kunya, kuma me za ku sauya? Waɗanne abubuwa ne ya kamata a rufe a ƙauyenku, waɗanne ne kuma aka daɗe ana rufewa alhali ya kamata a faɗa?

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka sake taɓa idanunmu domin mu gan ka sarai. Ka koya mana lokacin yin shiru da lokacin magana. Ka rufa asirin gwauraye da marayu ta hannunmu, ka tsare ƙauyukanmu da na maƙwabtanmu, ka komo da waɗanda ke hannun 'yan bindiga gida lafiya. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.